Bikin fasaha da masu buƙata ta musamman: gangara a bakin ƙofa ba ta isa ba

Ka tambayi masu shirya bikin fasaha, na kiɗa da waƙa ne ko na wasan kwaikwayo ko na baje kolin zane, me suka tanadar wa masu buƙata ta musamman. Amsar da za ka fi ji ita ce an sa gangara a bakin ƙofa saboda masu keken guragu. Da zuciya ɗaya suke faɗa, kuma gangarar na da amfaninta. Sai dai ɗan ƙaramin yanki ce ta aikin. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin shida, kuma mafi yawansu ba a kan keke suke ba. Akwai kurame da masu raunin ji, akwai makafi da masu raunin gani, akwai masu farfaɗiya, da waɗanda tsayuwar minti goma kan galabaita su, da waɗanda hayaniya da cunkoso ke rikita wa tunani. Gangara ba ta yi wa ko ɗaya daga cikinsu komai ba.

Ya kamata a fara raba maganar da tausayi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Naƙasassu a ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki a 2008, kuma sashe na 30 ya ambaci gidajen wasan kwaikwayo da gidajen tarihi da silima a cikin wuraren da naƙasassu ke da haƙƙin shiga daidai da kowa. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan ya girmi yarjejeniyar. Tun a 1976 wata ƙungiyar naƙasassu a Birtaniya ta bambanta tsakanin lalurar da ke jikin mutum da shingen da al'umma ta gina masa, sannan malamin jami'a Mike Oliver, wanda shi ma a kan keke yake, ya yaɗa wannan fahimta daga 1983. Ma'anarta a sauƙaƙe: rashin tafiya da ƙafa lalura ce, amma abin da ya hana mutum shiga zauren kallo matakala ce, kuma matakala wani ne ya zaɓi ya gina ta. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ɗora wa masu hidimar jama'a nauyin su yi hasashen buƙatun tun kafin wani ya zo ya nema. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya dace da kowane biki a ko'ina, ko da doka ko babu.

Biki ya fi gidan wasa na dindindin wuyar sha'ani. Gidan wasa gini ɗaya ne, ana gyara shi sau ɗaya a huta. Biki kuwa yakan bazu a wurare da dama, ko a kafa shi a fili na 'yan kwanaki a tattara. Bikin Fringe na Edinburgh, wanda ya faro a 1947, ana yin sa ne a ɗaruruwan wurare, da yawansu tsofaffin gine-gine da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa waɗanda ba a gina su da tunanin keke ba. Bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila kuma a gona ake yi, kuma ya yi suna da laka idan an sha ruwa. Amma wannan wahalar tana da ɗaya fuskar. Abin da ake kafawa sabo duk shekara ana iya kafa shi daban a bana. Ba a buƙatar rushe bango, shawara kawai za a sauya.

Zuwa biki kamar sarƙa ne: jin labari, sayen tikiti, isa wurin, shiga, samun wurin zama, fahimtar abin da ake yi, zagayawa banɗaki, fita, komawa gida. Ko zobe ɗaya ne ya tsinke, sauran ba su da amfani. Shi ya sa za ka ga biki ya kashe kuɗi ya ɗauko tafintan kurame, amma ba kurma ko ɗaya a wurin, don sanarwar a rediyo kawai aka yi, ko a bidiyon da ba rubutu a ƙasansa.

Zoben farko, wato bayani, shi ne mafi araha, kuma shi aka fi wasa da shi. Mutumin da ba shi da lalura yakan ga talla ya yanke shawara nan take. Mai lalura sai ya yi lissafi: nisan wurin ajiye mota da ƙofa mita nawa ne? Ƙasar siminti ce ko ciyawa ko tsakuwa? Akwai kujera a hanya? Wasan minti nawa ne, akwai hutu a tsakiya? Idan bai sami amsa ba, yawanci ba zai kira ya tambaya ba, zama zai yi a gida, kuma masu bikin ba za su taɓa sanin sun rasa shi ba. Jimla irin "muna maraba da kowa" ba ta amsa ko tambaya ɗaya. Abin da ke amsawa shi ne shafi guda mai sauƙin samu, da ke faɗin abin da ke akwai da lamba da hoto, ya kuma faɗi abin da babu. Wannan na biyun shi ne masu shiri ke jin nauyinsa, alhali ya fi komai daraja. Idan zaure na uku yana saman bene kuma ba lifta, a rubuta haka ƙarara. Mutum zai ji ba daɗi, amma ya fi a ce ya yi shiri, ya nemi mai rakiya, ya yi doguwar tafiya, ya zo ya tsaya a gindin bene. Shafin kansa ma sai ya karantu: manhajar da makafi ke amfani da ita tana karanta rubutu ne, ba ta karanta jadawalin da aka ɗora a matsayin hoto. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet na duniya sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, don haka rubutu mai ruwan toka a kan fari, komai kyansa a idon mai zane, rufe ƙofa ne ga mai raunin gani.

Batun tikiti gajere ne amma yana da zafi. Bai dace kowa ya saya ta intanet cikin minti biyu ba, a ce mai keke shi sai ya kira wata lamba a lokacin aiki ya jira. A Amurka, ƙa'idojin da aka sabunta a 2010 ƙarƙashin dokar naƙasassu ta 1990 sun wajabta a sayar da waɗannan kujeru a lokaci ɗaya, ta hanya ɗaya da sauran, kuma kada farashinsu ya ɗara na kujerun da ke sashe ɗaya da su. Sai kuma mai rakiya. Wanda ba zai iya zuwa ba sai da mai taimaka masa, idan aka caje su biyu, ya biya ninki ke nan a kan kallo ɗaya. Bukukuwa da yawa kan ba mai rakiya tikiti kyauta, kuma daidai ne. Inda ake ɓata abin shi ne a riƙa neman takardar likita duk shekara daga mutumin da lalurarsa ba ta warkewa.

Mu dawo kan gangarar nan, don ita ma ba kowa ya iya ta ba. Ma'aunin dokar Amurka, wanda ƙasashe da dama ke da kwatankwacinsa, shi ne 1 bisa 12: duk tashin santimita ɗaya na buƙatar tsawon santimita 12. Matakala guda mai tsayin santimita 15 na son gangara ta mita 1.8. Dandamali mai tsayin mita ɗaya na son mita 12, ban da wuraren hutawa a tsakani. Allon katako da aka jingina a kan matakala uku ba gangara ba ce, haɗari ne, don keke na iya kifewa ta baya da mai shi. Ƙofa na son faɗin kusan santimita 82, kuma keke na buƙatar fili na kusan mita ɗaya da rabi kafin ya juya. A fili kuwa, abokan gaba su ne ciyawa mai laushi, yashi, da wayoyin lantarki da aka shimfiɗa a kan hanya. Ana magance su da shimfiɗar roba ko ƙarfe da murfin waya mai gangara, amma sai an sa su a taswirar wurin tun farko. Sannan a taron tsaye, wanda ke zaune a keke bayan mutane kawai yake gani, shi ya sa manyan bukukuwa ke kafa dakalin kallo mai ɗan tsayi. Dakalin ma ana iya lalata shi: a kai shi can gefe inda sauti ba ya zuwa da kyau, ko a ce mutum ɗaya kaɗai zai hau da shi, a raba shi da abokan da suka zo tare. Ai ba kallo kaɗai ke kai mutum biki ba, har da zama cikin mutanensa.

Banɗaki magana ce da ba a son yi, amma shi ke yanke tsawon zaman mutum a wuri. Naƙasassu da yawa kan ƙi shan ruwa yini guda don gudun abin da za su tarar. Banɗaki mai faɗi da maƙalan hannu ya wadatar wa wanda ke iya tashi daga keke da kansa. Akwai kuma manya da ba sa iyawa, waɗanda sai an ɗaga su an sauya musu tufafi, kuma idan ba tanadi, a ƙasa ake kwantar da su. Saboda su aka fara kamfen ɗin Changing Places a Birtaniya a 2006, na banɗaki mai faɗin murabba'in mita 12, da gadon manya mai hawa da sauka, da na'urar ɗaga mutum. Akwai irinsa na cikin mota da ake haya don biki. Ko ba a kai nan ba, a tabbata wanda ke akwai ba a mai da shi ma'ajiyar tsintsiya da bokiti ba, kuma makullinsa ba ya hannun wani da ya tafi ba a san inda yake ba.

Duk wannan shigowa ce kawai. Fasahar ita aka zo dominta, kuma a nan aikin ya fi daɗi.

Ga kurame, abu na farko da za a sani shi ne yaren hannu ba ɗaya ba ne. Akwai fiye da 300 a duniya, har ma na Amurka da na Birtaniya sun sha bamban duk da ƙasashen biyu Turanci suke ji. Tafinta na buƙatar rubutun wasan ko baitocin waƙar tun da wuri don ya shirya, yana buƙatar haske a kansa saboda fuska ma tana cikin nahawun yaren, kuma sai ya tsaya inda kurma zai gan shi tare da 'yan wasa ba sai ya riƙa waiwaye ba. A dogon zama tafinta biyu ake sawa suna karɓar juna bayan minti 20 zuwa 30, don aikin na cin ƙwaƙwalwa. Kuma ba rabin biki ake fassarawa ba. A 2021 wata kotu a Ingila ta ba wasu iyaye mata uku kurame gaskiya a kan masu shirya wani taron waƙa na 2017, inda aka kawo tafinta don manyan mawaƙan amma aka bar waɗanda suka buɗe taron ba fassara, alhali cikakken kuɗin tikiti aka biya. Sai dai tafinta bai gama maganar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma da yawansu da girma ya same su, ba su san yaren hannu ba. Su rubutu suke so a allo, yana fitowa daidai da magana. Masu na'urar ji kuma akwai wayar da ake zagaye zaure da ita, mai aika sautin makirufo kai tsaye cikin na'urar ba tare da hayaniyar gefe ba. Abin takaici, sau da yawa an kafa ta amma ba wanda ya kunna ko ya gwada.

Ga makafi akwai bayanin gani ta kunne, wanda Margaret Pfanstiehl ta fara gudanarwa a gidan wasan Arena Stage na birnin Washington a 1981. Mai bayani na zaune inda yake ganin dandamali, yana magana ta makirufo zuwa abin da makaho ya sa a kunne, kuma yana saka kalmominsa ne a 'yan guraben da 'yan wasa suka yi shiru. Gwaninta ce ta gaske. Ba zai ce "ta yi fushi" ba. Zai ce ta dunƙule hannu, ta juya masa baya, ta nufi taga. Ya ba da abin da ido ya gani, ya bar wa mai sauraro hukunci, kamar yadda aka bar wa mai kallo. Kafin a fara wasan kuma akan hau da su dandamali su taka faɗinsa, su shafa teburin da za a yi faɗa a kansa, su taɓa rigar sarauniya su ji nauyin ɗinkinta, 'yan wasa su gaishe su da muryar da za su yi amfani da ita don a gane wane ne wane. Wanda ya taɓa ganin yadda makaho ke bin wasa bayan irin wannan zagaye, yana dariya daidai lokacin da zaure ke dariya, ba zai sake kiran abin ƙarin ɗawainiya ba. A baje kolin zane ma haka ne: manyan haruffa, rubutun makafi ga masu karanta shi, kwafin sassaƙa da aka yarda a taɓa, da kujeru a tsakiyar zaure.

Akwai kuma zama mai sassauci, wanda aka fara saboda masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, amma ya amfani masu mantuwa ta tsufa da iyaye masu ƙananan yara. Ba a kashe fitilun zaure gaba ɗaya, ana rage ƙarar da ke firgitarwa, ƙofa a buɗe take, wanda ya yi motsi ko ya yi sauti ba mai hararar sa. A gefe akwai ɗakin shiru, wanda ya kamata ya kasance shiru da gaske, ba tantin da ke jikin janareta ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 don wuraren kiɗa ya ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 a cikin minti 15, ya kuma nemi a tanadi wuraren hutar da kunne. Fitila mai walƙiya kuma tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwo, musamman idan ta wuce sau uku a daƙiƙa. Gargaɗinta tun wajen sayen tikiti ake yi. Wanda aka liƙa a ƙofar zaure ya makara.

Dole a faɗi gaskiya cewa buƙatun na karo da juna. Hasken da aka rage don wani ya samu natsuwa shi ne ke hana mai karanta leɓe gani. Dutsen hanya mai ƙuraje da ke yi wa makaho jagora yana jijjiga mai ciwon baya a kan keke. Ba tsari ɗaya da zai gamsar da kowa, kuma wanda ya yi alkawarin haka bai san aikin ba. Mafita ita ce a ba da zaɓi, a kuma bayyana kowanne sarai, mutum ya ɗauki nasa.

Ma'aikata da 'yan sa-kai su ne ke raya duk wannan ko su kashe shi. Mai gadin da ya ƙwace allurar mai ciwon suga a wajen bincike ya rushe shirin wata shida. Abin da ake koya musu ba shi da yawa: ka yi magana da mutumin, ba da mai rakiyarsa ba. Ka tambaya kafin ka taimaka, kuma idan aka ce a'a ka yarda. Kada ka kama keke ka tura ba izini. Makaho ba a jan sa, gwiwar hannu ake miƙa masa ya riƙe, ka ɗan yi gaba. Kuma kada ka yi wa wanda ya nemi kujera kallon mai ƙarya don ka gan shi garau. Igiyar wuya mai hoton furen rana, wadda filin jirgin Gatwick ya fara a 2016, an yi ta ne don masu lalurar da ba a gani su nuna suna iya buƙatar taimako. Tana da amfani, amma bai kamata ta zama sharaɗi ba. Su ma'aikatan nan ne kuma ya kamata su san abin yi idan gobara ta tashi: ba a hawa lifta, ƙararrawa ba ta isa ga kurma sai da fitila ko saƙo a allo, kuma kujerar saukar da mutum daga bene ba ta da amfani idan ba wanda ya taɓa gwada ta.

To kuɗi fa? Gaskiya ne tafinta da mai bayani da shimfiɗar hanya duk kuɗi ne. Amma tsadar ta fi yawa ne idan aka tuna da abin ana saura mako biyu, bayan an kama wuri, an raba kasafi, an buga jadawali. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ranar da ake zaɓen wuri ita ce ranar da ake yanke wa zai iya zuwa. Idan aka ware wa wannan fanni nasa layi a kasafi, kamar sauti da tsaro, ba za a riƙa yanke shi da an ji matsi ba. Ƙaramin bikin da ba shi da ƙarfi kuma yana da abin yi: ya rubuta bayani na gaskiya, ya zaɓi ɗakin ƙasa, ya sa kujeru, ya horar da mutanensa, ya ƙara abu ɗaya duk shekara.

Sannan wa ke zaune a teburin shawara? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar Attitude is Everything, wadda Suzanne Bull ta kafa a Birtaniya a 2000, ta gina aikinta ne a kan naƙasassun da ke zuwa tarukan kiɗa a matsayin 'yan kallo su dawo da rahoton abin da suka tarar, kuma tana ba wurare da bukukuwa matakin tagulla ko azurfa ko zinariya gwargwadon ƙoƙarinsu. Irin wannan sani ƙwarewa ce, a biya masu ita kamar yadda ake biyan injiniyan sauti. Kuma a leƙa bayan dandamali. Bikin da ya sa gangara ga 'yan kallo ya bar matakala ga masu wasa ya riga ya faɗi wanda yake tsammani a sama. Kamfanin wasan kwaikwayo na Graeae, wanda aka kafa a 1980, yana saka yaren hannu da rubutu da bayanin gani a cikin wasan kansa tun daga shiri, kuma Jenny Sealey, kurmar da ta zama shugabarsa a 1997, tana cikin biyun da suka jagoranci bikin buɗe gasar wasannin naƙasassu ta duniya a Landan a 2012.

Akwai ƙorafin da ke biyo baya kusan ko yaushe: mun kawo tafinta, mutum biyu ne suka zo, baɗi ba za mu sake ba. Kafin a yanke wannan hukunci a duba wane lokaci aka sa wasan. Idan safiyar ranar aiki ce, naƙasassu ma suna da aiki da makaranta. A duba ko an sanar ta ƙungiyoyin kurame da makafi, da bidiyo cikin yaren hannu, kuma da wuri yadda mai neman rakiya ko mota zai iya shiryawa. Mutanen da aka sha yi wa alkawari suna zuwa suna tarar da akasi ba sa fitowa a shekarar farko. Sukan jira su ji daga bakin waɗancan biyun, don haka su biyun ya kamata a nema bayan biki, a tambaye su inda aka gaza, a rubuta, a sa gyaran a kasafin baɗi.